Babban Yatsan Manomi

Tun da ka ce a sha'anin wayarka ba ka yarda da kowa ba, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomi mai zargin tsiya, irin mutumin da ko gaishe shi ka yi sai ya laluba aljihunsa. Kafin mahaifinsa ya rasu, tsohon ya dogara sanda ya zagaya gonar gado da shi yana nuna masa iyaka: daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, daga nan a bi layin gamba har bakin rafi. Manomin ya ɗauki zagayen nan a bidiyo ya ajiye a ma'ajiyarsa ta intanet, don ya san maƙwabcin gonarsu ya daɗe yana haɗiyar yawu kan gefen rafin. Sai kalmar sirrin ma'ajiyar ta hana shi sakat. In ya rubuta a takarda, ya ce matarsa za ta gani, in ya zo dannawa, ya ce ana leƙensa. Ran kasuwa ya kai kukansa wurin mai gyaran waya. Mai gyara ya saita masa shiga ba tare da kalmar sirri ba: ya dangwala babban yatsa kawai, ma'ajiya ta buɗe. Ya kuma gaya masa cewa mabuɗin a cikin wayar yake zaune, yatsa izini kawai yake ba ta, saboda haka a ajiye na biyu a kwamfutar ƙaninsa malamin makaranta, ko a sa wata lambar waya saboda ɓacin rana. Manomin ya dube shi sheƙeƙe. Ƙanin da shi ma yake da gado a gonar? Lambar waya, alhali kullum ana jin an sace layin mutane? Ya ƙi duka biyun, ya sa aka cire tsohuwar kalmar sirri, ya koma gida yana shafa yatsansa. Bayanin mai gyara ta bayan kunnensa ya bi. Abin da ya riƙe kawai shi ne yatsansa ne mabuɗi, kuma ba a satar yatsa.

Da damina ta faɗi, maƙwabcin ya tuge gamba ya shigo da shukarsa har kunya goma. Dagaci ya sa ranar Alhamis kowa ya kawo hujjarsa. Ƙanin ya zo ya ce, "Yaya, turo mini bidiyon Baba in ajiye." Manomin ya ce masa ya bari ya gani a gaban dagaci kamar kowa. Ana saura kwana biyu ya je karɓar wayarsa a shagon caji, ya tarar da surukin maƙwabcin zaune a benci, wayar kuma ga ta dab da gwiwarsa. Bawan Allah rake kawai yake sha, ko kallonta bai yi ba. Amma manomin ya riga ya yanke hukunci cewa an sa mata wani abu. Ya wuce gona, ya ɗora ta a kan dutse, ya farfasa ta da ƙotar fartanya, ya zuba tarkacen a tsohuwar rijiya. Washegari ya sayar da tunkiya ya sayi sabuwa, yana murmushi shi kaɗai, wai ya riga su wayo.

Ran Alhamis dattawa suka hallara a ƙofar dagaci. Manomin ya zaro sabuwar waya, ya ɗaga yatsa yadda kowa zai gani, ya dangwala. Waya ta buɗe, ma'ajiya kuwa ta ce ba ta san shi ba, sai dai ya kawo tsohuwar wayar, ko na'urar da ke da mabuɗi na biyu. Ya goge yatsa a riga ya sake. Ya lasa ya sake. Ƙaninsa na tsaye da kwamfuta a hammata, babu komai a cikinta da zai taimake shi. Dagaci ya yi haƙuri har la'asar, da ya ga babu hujja babu shaida, ya bar maƙwabci da shukarsa. Ni abin da ya fi ba ni tausayi ma ba gefen rafin ba ne. Muryar tsohon nan tana can a kulle, kuma ɗansa da hannunsa ya jefa mabuɗin a rijiya, gudun kada ƙaninsa ya riƙe masa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.