Laftof ta Huɗu a Ɗakin Sodangi

Fitilu uku kore, ɗaya ruwan ɗorawa. Murtala ya zare kebul ɗin daga bakin suwici, wato ɗan akwatin da ke haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, ya hure ƙura, ya mayar. Ruwan ɗorawar ta dawo, tana ƙiftawa kamar mai jin barci.

Tun hantsi yake durƙushe a ɗakin nan da ke bayan Ƙaura Namoda, can inda gidaje suka ƙare, gonakin gero suka fara. Sodangi ne ya ɗauko shi daga shagonsa a kan sabon babur. Ya ce su 'yan sa-kai ne, sun kafa kyamarori a tasha da hanyar Shinkafi da ta Zurmi, suna son hoton ya riƙa zuwa ɗakin kafin gobe kasuwa, don su ga ɓarayin daji tun kafin su tare hanya.

Murtala bai bari ya gama bayani ba, ya ɗauki jakar aikinsa. A wannan hanyar ta Zurmi aka tare motar da ƙanwarsa Hussaina take ciki bara, tana dawowa daga asibitin da take aikin jinya, da jakarta a kafaɗa. Har yau babu gawa, babu kira. Idan kyamara za ta hana a yi wa wani gida abin da aka yi wa nasu, to ko a bakin wuta aka ce ya haɗa waya zai haɗa.

Kayan dai tarkace ne, Allah na tuba. Kwamfuta huɗu, kowace da ƙabilarta: biyu sababbi fil, ɗaya ta tebur da aka kankare lambar fenti a gefenta, sai tsohuwar laftof da aka lulluɓe bayanta da baƙar leda. Murtala bai yi mamaki ba. Aikin gayya haka ya gada, kowa ya kawo abin da yake da shi.

Ukun ba su wahalar da shi sosai ba. Wanda ya fara haɗa musu kebul wayoyi huɗu kawai ya matse maimakon takwas, su kuwa kwamfutoci masu sauri, waɗanda gudun saƙonsu ya kai dubu, ba sa yarda da rabin waya. Ya yanke kawunan, ya matse sababbi, kore ta kama. Allon farko ya kawo tasha, motocin 'yan kasuwa ana ɗaure musu buhuna. Na biyu ya kawo gadar hanyar Shinkafi. Samarin da ke jingine da bango suka matso, suna nuna motoci da yatsa, suna ƙus-ƙus. Zuciyar Murtala ta yi sanyi, rabon da ya ji haka tun bara.

Laftof ɗin ce ta ƙi. Hoton hanyar Zurmi ya zo, ya daskare, ya ɓace. Ya canja mata kafa a suwici, ya canja kebul, ya kashe komai ya kunna. Shiru. Kuma ita kaɗai ce Sodangi ya rungume a cinyarsa tun safe.

"Sai na duba cikinta," in ji Murtala.

"Wagga ba a taɓa ta," in ji Sodangi. "Gyara daga nan inda kake."

An kira azahar daga cikin gari, babu wanda ya motsa a ɗakin. Murtala ya yi tasa a tsakar gida shi kaɗai, ya ce a ransa masu gadi ai ba sa barin wurin gadi. Da ya dawo sai ya yi wa Sodangi bayani dalla-dalla. Suwici da kwamfuta sukan yi ciniki su daidaita a kan gudu ɗaya. Wannan kuwa kamar an ɗaure mata baki, ba ta cinikin, shi ya sa kowa ke magana a kan maganar kowa. Idan ba a kwance ta ba, gobe motocin Zurmi za su taso babu idon da ke kansu.

Wannan ta shiga kunnen Sodangi. Ya dubi samarin, ya ɗora laftof ɗin a kan benci, ya tsaya a bayan Murtala har numfashinsa na taɓa masa ƙeya. Wani daga cikinsu ya tura ƙofa.

Zargin Murtala ya tabbata. Wani ya shiga saiti ya kulle gudunta a kan ɗari maimakon dubu. Murtala ya yi tsaki. Aikin malalata ne, irin wanda ake yi idan an haɗu da tsohon suwici mai gardama a ofishin ƙauye, a kulle a wuce. Shi ma yakan yi idan rana ta yi masa zafi, amma yau sai ya ji haushin wanda ya yi, har ya zage shi a zuci. Ya kwance ta, ya mayar da ita kan ciniki.

Hoton ya zo tar, bai sake daskarewa ba. Ga hanyar Zurmi shimfiɗe, ga kwanar da itatuwa suka rufe, ga wata motar haya tana rage gudu a ramuka.

"Madalla," in ji Sodangi. "Yanzu mun gani su duka."

Saura abu ɗaya, al'adarsa ce. Duk na'urar da ya gyara sai ya raɗa mata suna da manyan baƙaƙe, don ya gane ta a kan layi. Ya buɗe wurin, yatsunsa na kan madannai, sai ya tarar an riga shi. Sunan yana nan yadda shi da kansa ya rubuta shi, ranar da ya kai wa ƙanwarsa laftof ɗin a asibitin Zurmi: HUSSAINA.