Kifaye Biyu a Kwanon Tangaran

Tun da ka ce kai da maiɗakinka kun kwana kuna juya wa juna ƙeya, gyara zama in ba ka misali. An yi wani majemi da matarsa, sun tsufa tare. A saman jerenta akwai wani tsohon kwanon tangaran na ƙasar Sin, launinsa kore mai sanyi kamar ɗanyen ganyen zogale, wanda kakanta ya sayo a Makka zamanin da ake zuwa a ƙafa. A gindinsa ta ciki an zana kifaye biyu, kan wannan na wajen wutsiyar wancan. Mai sayarwar ya gaya wa kakan cewa mutanen Sin amare suke ba irinsa, don kifi biyu alamar aure mai ɗorewa ne da yalwar zuri'a. Ita dai ba ta taɓa yarda ba. Takan ce wane irin aure ne wannan, kowa ya kama gabansa?

Wata rana majemin ya yi baƙo, ya kama kazarta mai ƙwai ya yanka, ko shawara babu. Ran tsohuwa ya ɓaci ƙwarai. Da furfurarta da komai ta ce yaji za ta yi, kuma ba dawowa. Ta shimfiɗa zani ta hau ɗaure kaya, shi kuwa gogan yana bakin ƙofa yana ta soshe-soshen ƙeya, girman kai ya hana shi ba da haƙuri, tsoro kuma ya hana shi tashi. Da ta sauko da kwanon ta tarar ya yi ƙura, ga ta mace mai tsabta, sai ta zuba ruwa ta shiga jujjuya shi. Ruwan na kewayawa sai ta ga kifayen kamar sun motsa, wannan yana bin wancan, wancan yana bin wannan. Ashe duk shekarun nan bin juna suke yi, ita ce ba ta taɓa zuba musu ruwa ba. Dariya ta ƙwace mata. Ta zubar da ruwan, ta dama fura a ciki, ta dangwarar a gabansa ta ce, “Sha, ɓarawon kaza.” Ya shanye tas har kifayen suka bayyana, washegari kuma ya shigo da kaji biyu a hammata.

To, tashi ka koma gida. Hausawa sun ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa.