Awarwaron Takwara

Tun da aka kafa dokar gwada yawun jarirai don gano cututtukan gado, kowane yaro da awarwaronsa yake barin asibiti. Na jikar Inna Tasalla, wadda ta ci sunanta, shuɗi ne.

Da hantsi Inna ta yi wa jaririyar wanka, ta kama hannuwanta za ta miƙar da su kamar yadda ta yi wa 'ya'yanta bakwai. Sai awarwaron ya tsala ƙara.

"Inna, bari!" in ji 'yarta Hindatu, mai jegon. "Likita ya ce gaɓoɓinta sun cika laushi, ja kaɗan sai su goce. Wai gado ne."

"Gadon wa? Mu ba mu da cuta a dangi."

Hindatu ta sunkuyar da kai. "Takardar gwajin ta ce ta wajenki ne."

Inna ta dubi babban yatsanta, wanda take lanƙwasawa har ya taɓa tsintsiyar hannu, yara su yi ta dariya. Ta tuna gwiwar da ta shekara arba'in tana ɗaurewa da tsumma, tana cewa sanyi ne.

Ta ɗauki jaririyar kamar ƙwai. Awarwaron ya gogi fatar Inna, ya yi haske, ya gane jini ɗaya ne, ya kira cikakken sunan Inna, alhali ba wanda ya faɗa masa.

Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Takwara," ta raɗa mata, "ni ba wanda ya gaya mini. Ke kam, in Allah ya yarda, ba za ki ɗaure gwiwa da tsumma ba."