Saƙon da Ba Ita Ta Aika Ba

"Kaka, in na danna nan, duk duniya za ta ga cikinsa," in ji jikata, yatsanta a kan kwamfuta.

Wai harshen kwamfuta ne suka ƙirƙira a kamfaninsu na nan Haɗeja. Da shi ake ba na'urorin auna kogi umarni, su gargaɗi manoma kafin ambaliya. Abokin aikinta yana ta faɗa a waya: "Ke, da shi muke ci! In kin sake shi kyauta, me za mu sayar?"

Na ce, "Ja'ira, na'urorinku sun kai ƙauyen ƙanwata, bayan Baturiya?"

Ta girgiza kai. Can ta yi bisimilla, ta danna.

Ciniki ya ja baya, abokin ya daina gaishe ni. Da damina kogi ya tumbatsa, aka ce ruwa ya cinye ƙauyen. Na wuni ina kiran ƙanwata, wayar ba ta shiga.

Da la'asar sai ga muryarta: "Yaya, muna kan tudu, har da awaki! Ki gode wa jikarki, tun shekaranjiya saƙonta ya tashe mu."

Yarinyar ta buɗe taswirar kogin, ta daɗe tana kallo. Ɗigo-ɗigon haske, kowanne alamar na'ura, sun bi gaɓa har cikin Yobe.

"Kaka," ta ce a hankali, "ba mu da na'ura ko ɗaya a can. Wasu ne suka ɗauki harshen suka kafa nasu. Ko sunansu ban sani ba."