Sandar Goggo Tabawa

Tun da allurar warkar da ciwon gwiwa ta zama dole, an daina ce wa tsoho ya huta. A ƙofar asibiti ake karɓe sanduna, an jibge su kamar itacen girki.

Goggo Tabawa ta riƙe tata gam.

"Goggo, miƙa musu mana," in ji ɗanta Ɗanlami. "Damina ta kama, aiki ya yi mana yawa."

"Na yi noma, na yi daka, na goye ku duka," ta ce. "Ciwon nan ne ya fara zaunar da ni a inuwa."

Aka karɓe sandar, nas ta yi mata allurar. Kafin azahar ta miƙe tsaf.

"'Yar nan, akwai ta gajiya?"

"Ba a kawo ta ba tukuna, Goggo."

A hanyar gida Ɗanlami ya sayi taki buhu biyu. Bara ko buta ba ya barin ta ɗauka. Ya dubi gwiwoyinta, ya ce, "Duƙa in aza miki ɗaya."

Ta kai hannu neman sanda, ta kamo iska. Sai ta duƙa. Gwiwar ko ƙara ba ta yi ba.