Furannin Tebura Ashirin

Santimita ashirin da biyu. A nan Magatakarda yake yanke karan kowane fure, a karkace, da almakashin da ya wasa da kansa, sannan ya ɗauki biro ya yi alama a littafinsa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da rajistar wata ma'aikata, har ya yi ritaya ba a taɓa kama shi da kuskuren kwanan wata ba. A gida kuwa ko sauya ƙwan fitila ba a ba shi, domin sai ya nemi takardar bayani tukuna. Da aka zo rabon ayyukan bikin Auta, kowa ya samu nasa, shi aka bar masa zama da amsa gaisuwa. Auta ce ta lura da fuskarsa. Ta durƙusa a gefen kujerarsa ta ce, "Baba, furannin tebur nake so ka haɗa min da hannunka. Ban yarda kowa ya sa hannu ba."

Yayyenta suka kalli juna. Ya ga kallon. A ranar ya buɗe sabon littafi, ya rubuta a shafin farko: zauren taron da ke bayan gidan waya, tebura ashirin, farin ƙyalle, ƙarfe biyu na rana.

Wata uku yana gwaji. Kwalabe suka yi layi a tagar falo, kowace da lambarta. Ya gano cewa ganyen da ya nutse a ruwa shi ke sa wari, cewa cokali ɗaya na sukari yana ƙara wa furen wardi kwana biyu, kuma furen da ya yi tsayi yana hana na zaune ganin wanda ke fuskantarsa. Don tabbatar da wannan na ƙarshe, yakan zaunar da matarsa a ɗaya gefen tebur ya auna. Ita kuma, da yake ba ta cika samunsa a zaune ba, sai ta riƙa zayyana masa labarin biki: wanda ya fasa zuwa, abin da aka sauya, abin da aka ƙara. Yana cewa "to", idonsa na kan haɓarta, ko ta fito a saman wardi. Abin da bai shiga littafi ba, a wurinsa hira ce.

Ranar biki da safe ya jera kwalabe ashirin a akwatuna, ya cusa tsofaffin jaridu a tsakaninsu. Yana shiga mota matarsa ta leƙo ta taga, hannunta cike da kayan amarya.

"Baban Auta, ka dai riƙe abin da na gaya maka game da zauren ko?"

"Komai a rubuce yake," in ji shi. Ya kashe wayarsa, domin aikin awo ba ya son kira.

A zaure ya tarar da sakaci iri-iri. Tebura ashirin da huɗu aka jera, ƙyallayen kuma ruwan toka. Ya kira mai kula da wurin ya nuna masa shafin farko. Mutumin ya fara wani bayani, amma da ya ga rubutu a tsare, ga ja-layi, ga kwanan wata, sai jikinsa ya yi sanyi, ya sa aka kwashe tebura huɗu. Batun ƙyalle Magatakarda ya haƙura, ya dai rubuta.

Yana kan kwalba ta goma sha ɗaya wata mata ta shigo da kwanduna cike da furannin roba, ta ce dangin amarya ne suka ɗauke ta aiki tun makonni biyu da suka wuce.

Tef ɗin awo ya kuɓuce masa. Wato Auta ma ba ta yarda da shi ba. Ta durƙusa ta faɗa masa magana mai daɗi, ta juya ta yi tanadin roba don ranar da zai kunyata ta. Ya sunkuya ya ɗauki tef ɗin a hankali, ya miƙe.

"Baiwar Allah, ni ne uban amarya. Ki kwashe kayanki."

Ta dube shi, ta dubi littafin, ta kwashe.

Sauran kwalabe tara ya ajiye su da zuciya mai nauyi, amma kowace a tsakiyar teburinta daidai. Baƙi suka fara shigowa tun ƙarfe ɗaya saura. Bai gane kowa ba, ya ɗauka duk dangin ango ne, kuma bai yi mamaki ba, don nasa dangin ba su taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Wani dattijo ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa kamar shi ya haifi amaryar. Magatakarda ya ƙyale shi. Ya koma kujerar gefe yana sauraron mata suna tambayar wane kamfani ne ya yi wannan aiki.

Ƙarfe ɗaya da minti goma amarya ta shigo a lulluɓe. Ta tsaya a teburin farko, ta taɓa wardi ɗaya, ta sunkuya ta shaƙa. Aka yi mata nuni da inda yake. Ta bar kowa a tsaye ta nufo shi, shi kuma ya miƙe, duk ɓacin ransa ya narke, har ya shirya cewa ya yafe batun roba.

Ta durƙusa a gabansa, ta ɗaga mayafi, idonta cike da ƙwalla. Magatakarda ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube ta da kyau. Tun da yake a duniya bai taɓa ganin yarinyar nan ba.