Waƙar da ke cikin talabijin ɗin Malam

Kwana tara da rasuwar Malam Muttaka, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Matarsa Nana Hauwa na zaune a turakarsa a Mandawari, ba kuka, ba magana.

'Yarsu Hafsat ta ɗauki rimot. "Umma, bari in nemo miki karatu a talabijin ɗin Baba. Shirun ya yi yawa."

Tana cikin lalube ta ci karo da manhajar waƙoƙi. Ta yi turus. A gidan nan ko waya ba ta ƙara da kiɗa. Sai da Malam ya raba Nana Hauwa da waƙar biki sannan ya aure ta, shekara talatin da ɗaya ke nan.

"Ƙila da manhajar aka sayo talabijin ɗin," in ji Hafsat. Ta danna.

Waƙa ɗaya tal Malam ya adana a ciki. Tsohon kaset ne wani ya ɗora. Kalangu ya tashi, muryar wata budurwa ta biyo baya.

"Umma, wace ce wannan?"

Nana Hauwa ta dubi buzun Malam.

"Ni ce," ta ce. "Ƙaro sautin."